Cire Haƙarƙarin Farko da Taimakon Mutum-mutumi: Fashin Baƙi kan Matsewar Jijiyoyi a Gindin Wuya

Tsakanin gindin wuya da kafaɗa akwai wata ƙuntatacciyar mashiga wadda duk abin da hannu yake rayuwa da shi ta nan yake bi. Rufinta shi ne ƙashin nan da ke kwance a saman ƙirji, wanda yake fitowa fili idan mutum ya rame. Daɓenta kuwa shi ne haƙarƙarin farko, gajere mai faɗi, lanƙwasasshe kamar lauje, wanda ya ɓuya a ƙarƙashin wancan ƙashi inda yatsa ba ya kai masa sosai. Daga gefen wuya wasu tsokoki biyu suna saukowa su kafe a kan wannan haƙarƙari, ta gaba da ta bayanta, sai suka bar wani ɗan tsagi a tsakaninsu. Idan wannan wuri ya ƙara ƙuntata har ya danne abin da ke wucewa ta cikinsa, shi ne ciwon da likitoci suke taƙaita sunansa da TOS, wato matsewar ƙofar ƙirji. Likita Peet da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka su ne suka raɗa masa wannan suna a 1956.

Kafin a yi nisa akwai buƙatar warware wata kalma, domin jijiya a Hausa tana ɗauke da abubuwa da dama, kuma a wannan ciwo bambancinsu shi ne kan magana. Abubuwa uku ne suke bi ta mashigar. Akwai jijiyoyin laka, waɗanda suke fitowa daga lakar ƙashin baya ta saiwoyi 5, su sarƙe da juna kamar kitso sannan su rarrabu cikin hannu, su ne masu kai ji da motsi. Akwai jijiyar kai jini, mai kauri da bugu, wadda take ɗauko jini daga zuciya. Waɗannan biyun tare suke ratsa tsagin da ke tsakanin tsokokin nan. Ta ukun ita ce jijiyar dawo da jini, mai laushin bango, wadda ba ta bin tsagin, ta gaban tsokar gaba take wucewa, can kusa da inda haƙarƙarin farko ya haɗu da ƙashin tsakiyar ƙirji. Wannan kusurwa ta gaba tana da muhimmanci ƙwarai, domin a kanta ne hujja mafi ƙarfi ta amfani da mutum-mutumi wajen tiyatar wannan ciwo ta ginu.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo jijiyoyin laka ne suke matsewa. Suna kuka da ciwon wuya da kafaɗa, da sagewar hannu wadda ta fi kama ƙaramin yatsa da na kusa da shi, da gajiyar hannu da zarar an ɗaga shi sama, kamar wajen shanya, fentin silin, ko riƙe kaya a ka. Ya fi samun mata, kuma mafi yawa tsakanin shekara 20 zuwa 50. Matsewar jijiyar dawo da jini ba ta wuce kashi 3 zuwa 5 ba, amma ita tana zuwa da gaggawa: matashi lafiyayye, sau da yawa ɗan wasan ninƙaya ko mai ɗaga ƙarfe ko mai aikin ƙarfi, ya wayi gari hannun da ya fi aiki da shi ya kumbura, ya yi nauyi, launinsa ya canza, saboda gogar da jijiyar take sha tsakanin ƙasusuwa biyu ta yi mata tabo har jini ya daskare a ciki. James Paget ya bayyana wannan a Landan a 1875, Leopold von Schroetter kuma a Ostiriya a 1884, shi ya sa ake kiran wannan nau'i da sunayensu biyu. Matsewar jijiyar kai jini ita ce mafi ƙaranci, kusan kashi 1, kuma ita ce mafi haɗari, domin bangon jijiyar yana iya buɗewa ya yi tulu a bayan wurin da aka danne, gudajin jini su riƙa ɓallewa suna toshe hanyoyin yatsu. Kusan kullum akwai wani ƙashi a bayan wannan nau'i: ko ƙarin haƙarƙari da aka haifi mutum da shi a gaɓar wuya ta 7, abin da ake samu ga ƙasa da mutum 1 cikin 100, ko kuma ƙashin saman ƙirji da ya taɓa karyewa, misali a haɗarin babur, ya ɗore da babban ƙulli.

Tunanin buɗe wannan mashiga da wuƙa ya daɗe. Holmes Coote ya cire ƙarin haƙarƙarin wuya a asibitin St Bartholomew na Landan tun 1861. A 1927 Adson da Coffey suka nuna cewa ana iya yanke tsokar gaba kaɗai a bar ƙashin, amma da shekaru suka tafi aka ga ciwon yana dawowa wa mutane da yawa. A 1962 Clagett ya jawo hankali ga cewa haƙarƙarin farko shi ne abin da duk wuraren matsewar suka yi tarayya a kansa, saboda haka shi ya kamata a cire, sai dai shi ta baya yake shiga, ta hanyar yanka tsokoki masu kauri na allon kafaɗa. A 1966 David Roos na birnin Denver ya kawo hanyar shiga ta hammata, wadda ta zama ruwan dare har yau, tare da takwararta ta shiga ta saman ƙashin ƙirji.

Kowace daga cikin hanyoyin nan biyu tana da wurin da ido ba ya kai wa. Mai shiga ta hammata yana aiki ne a ƙasan wani rami mai zurfi da duhu, kamar mai yasar rijiya, kuma don ramin ya buɗe dole wani mataimaki ya ɗaga hannun majinyaci yana ja, jan da shi kansa yana miƙe jijiyoyin lakar da aka zo ceto. Ƙarshen haƙarƙarin na baya, inda ya haɗu da ƙashin baya, shi ne mafi wuyar kaiwa, kuma a daidai nan ne saiwar jijiya ta ƙasa take gittawa, saboda haka likita mai taka-tsantsan yakan bar ɗan guntu. Wannan guntu sananne ne cikin dalilan dawowar ciwo, domin tabo yana taruwa a kansa ya sake kama jijiyar. Mai shiga ta saman ƙashin ƙirji kuwa yana ganin jijiyoyin laka tsaf, yana iya cire tsokokin baki ɗaya, ya ɓanɓare duk wani zare da ya naɗe jijiya, ya gyara jijiyar kai jini idan ta lalace. Amma kafin ya kai ga haƙarƙarin sai ya ɗage jijiyoyin nan gefe, domin a samansa suke kwance, kuma kusurwar nan ta gaba da jijiyar dawo da jini take maƙalewa tana ɓoye a bayan ƙashin saman ƙirji, sai an ƙara yanka na biyu a ƙasa kafin a kai gare ta.

Daga nan ne dabarar shiga ta cikin ƙirji ta samo asali. Duk jijiyoyin nan uku a saman haƙarƙarin suke, saboda haka wanda ya tunkare shi daga ƙasa, daga cikin kogon ƙirji, ƙashin zai fara tararwa, jijiyoyin suna bayansa, kuma zai gan shi tun daga farkonsa har ƙarshensa a shimfiɗe kamar bakan gizo a rufin kogon. An fara gwada haka da kyamara da miƙaƙƙun kayan aiki tun ƙarshen shekarun 1990, sai dai can ƙololuwar ƙirji wuri ne mai lanƙwasa kamar cikin ƙwarya, kuma miƙaƙƙen ƙarfe ba ya iya zagaya ƙashi ta bayansa cikin natsuwa. Abin da na'urar da Vinci ta kamfanin Intuitive Surgical na Kalifoniya ta kawo, bayan hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2000, shi ne kayan aiki masu wuyan hannu a bakinsu, waɗanda suke juyawa fiye da yadda wuyan hannun mutum yake juyawa, da kyamara mai ido biyu wadda take nuna zurfi, ta kuma girmama abu har kusan ninki 10. A 2012 Farid Gharagozloo da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa bayanin cire haƙarƙarin farko ta wannan hanya ga masu daskarewar jini, daga baya wasu cibiyoyi kamar na Houston da na birnin Bern a Suwizalan suka faɗaɗa aikin har zuwa masu matsewar jijiyoyin laka.

Sunan mutum-mutumi yana ruɗar jama'a, har wasu su ɗauka na'urar ce take yanke shawara. Ba ta motsa ko da ƙanƙanin motsi sai likita ya motsa yatsunsa. Yana zaune ne a wani teburi a cikin ɗakin tiyatar, goshinsa a jingine, idanunsa cikin madubi, na'urar tana kwaikwayon motsinsa tana rage girmansa, tana kuma tace rawar hannu.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ana sa wa majinyaci barci, a zura masa bututun numfashi mai hanya biyu domin a sace iskar huhun ɓangaren da za a yi wa aiki, ɗayan ya ci gaba da numfashi shi kaɗai. Ana kwantar da shi a gefe, a huda ƙananan ramuka 3 ko 4 a tsakanin haƙarƙari, kowanne faɗinsa wajen milimita 8, sannan a hura iskar kabon a hankali don huhun ya ƙara kwantawa wurin ya buɗe. Abu na farko shi ne tabbatar da cewa haƙarƙarin da ake kallo na farkon ne, domin daga ciki ana iya rikita shi da na biyu, kuma bugun jijiyar kai jini da ake gani tana haye shi yana cikin alamomin da ake dogara da su. Sai a tsaga siririn tantanin da ya lulluɓe bangon ƙirji a bi tsawon ƙashin, a raba shi da tsokar da ke tsakaninsa da na biyu. Bayan haka a yanke shi ta gaba, kusa da ƙashin tsakiyar ƙirji. A nan akwai wani abu da tallace-tallace ba su cika faɗa ba: yankan ƙashin kansa yawanci ba hannun na'urar ne yake yi ba, wani likita ne na biyu da ke tsaye a gefen gado yake zura almakashin ƙashi ko injin gurza ta ɗaya daga cikin ramukan, yana aiki da abin da yake gani a allo. Da zarar ƙashin ya saki, sai a danno shi ƙasa cikin kogon ƙirji, nesa da jijiyoyi, a yanke tsokokin wuyan nan biyu a daidai inda suka kafe, tare da zarurrukan da suka ɗaure jijiyar dawo da jini a kusurwar gaba. A ƙarshe a raba ƙashin da gaɓarsa ta baya ko a yanke shi daf da ita, a fitar da shi ta ɗaya daga cikin ramukan, a sake hura huhun, a bar ɗan bututu na tsotse iska da ruwa. Yawancin majinyata suna komawa gida bayan kwana 1 zuwa 3.

Maƙwabtan wannan ƙashi ba na wasa ba ne, ko ta ina aka shiga. Jijiyar da take motsa shamakin numfashi, wato faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, tana kwance a kan tsokar gaba, idan ta taɓu shamakin ɓangaren yana iya tsayawa. Kusa da gindin haƙarƙarin ta baya akwai wani ƙullin jijiya wanda rauninsa yake sa fatar ido ta sauko, ƙwayar idon ta tsuke. A ɓangaren hagu akwai magudanar da take kai ruwan kitse daga hanji zuwa jini, idan ta huje sai ƙirji ya cika da ruwa fari kamar madara. Mafi tsoratarwa ita ce yagewar babbar jijiyar jini, domin a tiyatar mutum-mutumi likita ba ya da yatsa a wurin da zai danna nan take, sai an danne da auduga ta cikin rami, a janye hannuwan na'urar, a buɗe ƙirji idan ta kama. Saboda haka ƙwarewar ma'aikatan ɗakin gaba ɗaya, da atisayen da suka yi na irin wannan gaggawa, suna daidai da ƙwarewar mai zama a teburin. Akwai kuma matsalar taɓi. Na'urorin da aka yi shekaru ana aiki da su ba sa mayar wa likita jin ƙarfin da yake ja da shi, da ido yake auna yadda nama yake miƙewa. Sai a 2024 aka amince da sabon samfurin da Vinci 5 mai mayar da wani ɓangare na wannan ji, kuma zai ɗauki lokaci kafin ya maye gurbin tsofaffin da ke asibitoci.

Hanyar tana da nata kuɗin fansa. Shiga kogon ƙirji a sauran hanyoyin kuskure ne da ake ƙoƙarin kauce wa, a nan kuwa da gangan ake yi, saboda haka wanda huhunsa ba zai jure numfashi da ɓangare ɗaya ba, ko wanda tsohon ciwo kamar tarin fuka ya manne masa huhu da bangon ƙirji, bai dace da ita ba. Ramukan da aka huda suna iya murƙushe ƙananan jijiyoyin da ke bin ƙasan kowane haƙarƙari, su bar ciwon gefe na watanni. Daga ƙasa ana yanke gindin tsokokin wuya ne kawai su ja sama, ba a cire su dungurungum, kuma saiwoyin jijiya na sama ba sa samun irin tsabtacewar da ake yi musu ta wuya. Idan jijiyar kai jini ta yi tulu tana buƙatar a yanke a dasa wata, buɗewa ta sama ce hanyar da aka fi bi. Idan kuma matsewar a can gaba take, ƙarƙashin ƙaramar tsokar ƙirji kusa da hammata, cire haƙarƙari ba zai taɓa ta ba.

A ganina masu daskarewar jini su ne wannan hanya ta fi yi wa rana, kuma dalilin a fili yake: cutarsu tana bayyana ƙarara a hoton jijiya, wurin matsewar sananne ne, kuma shi ne daidai wurin da kyamarar cikin ƙirji ta fi gani. Tsarin jinyarsu ma a jere yake. Ana fara narkar da gudan jinin ta siririn bututu, wanda ya fi aiki cikin mako 2 na farko, sannan a cire ƙashin, sannan idan tabo ya tsuke jijiyar a buɗa ta da balan-balan, a ci gaba da maganin tsinka jini na wasu watanni. An daɗe da gane cewa sanya ragar ƙarfe a cikin jijiyar kafin a cire ƙashin ɓarna ce, domin ƙasusuwan biyu suna matse ta kamar awartaki har ta karye.

Ga masu matsewar jijiyoyin laka, waɗanda su ne mafi rinjaye, lamarin ya sha bamban, domin tun kafin a zo kan kayan aiki, gane ciwon ne ake taƙaddama a kansa. 'Yan ƙalilan ne suke da shaida ƙarara, wato tsokar gindin babban yatsa ta zube, gwajin lantarki na jijiya ya nuna rauni. Sauran hotunansu lafiya lau, gwajin lantarkinsu lafiya lau, ciwo ne kawai suke ji. Gwaje-gwajen ɗakin duba marasa lafiya, kamar a ɗaga hannuwa ana buɗe tafi ana dunƙulewa na minti 3, ko a juya wuya a ji ko bugun jini ya ɓace, suna nuna alama har ga mutane masu ƙoshin lafiya. Kuma cututtuka da dama suna kama da shi: zamewar faifan ƙashin wuya, matsewar jijiya a gwiwar hannu ko a wuyan hannu, yagewar tsokar kafaɗa, har da ƙari a ƙololuwar huhu. A 1990 wata mujallar likitocin jijiya ta Amurka ta buga muhawara gaba da gaba, Roos yana cewa ana raina ciwon ana barin mutane cikin wahala, Asa Wilbourn na asibitin Cleveland yana cewa ana laƙaba shi ga waɗanda ba su da shi ana yi musu fiɗa a banza. Sai a 2016 ƙungiyar likitocin tiyatar jijiyoyin jini ta Amurka ta fitar da ma'auni na bai ɗaya, cewa a sami 3 daga cikin sharuɗɗa 4: ciwo a wurin matsewar, alamu a hannu, rashin wata cuta da za ta bayyana su, da samun sauƙi na ɗan lokaci idan an yi wa tsokar wuya allurar kashe zafi. Ko an cika sharuɗɗan, mataki na farko shi ne gashin ƙashi da motsa jiki na watanni, don gyara tsayuwar kafaɗa da sassauta tsokokin wuya, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa.

Abin da yake damuna a nan shi ne, idan yanka ya zama ƙanana kuma kwanan asibiti ya ragu, likita da majinyaci duka sukan fi saurin amincewa da tiyata, alhali kyamara mai kaifi ba ta ƙara wa sharuɗɗan nan huɗu komai ba. Haƙarƙarin da aka cire da kyau daga jikin wanda faifan wuyansa ne ya zame ba zai rage masa ciwo ba.

Hujjojin bincike suna da ƙarancin da ya kamata mai karatu ya sani. Bitar da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya tana tantancewa, ta yi a 2014 ta sami gwaji guda ne kacal na tiyata da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, mai mutum 55, kuma tsofaffin hanyoyi biyu ya kwatanta. A 2022 wani gwaji daga Holan ya nuna cewa waɗanda gashin ƙashi ya gaza musu sun fi samun sauƙi da tiyata a kan ci gaba da jinya ba wuƙa, sai dai ta hammata aka yi musu aikin. Abin da aka wallafa kan mutum-mutumi galibi rahotanni ne na cibiyoyi ɗaiɗai da suke waiwayar majinyatansu, kamar na rukunin Bryan Burt a Houston, wanda ya sami ƙarancin ciwo bayan aiki da ƙarancin raunin jijiyoyin laka idan aka kwatanta da shiga ta saman ƙashin ƙirji. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, kuma ya yi daidai da abin da hankali zai zata tunda ba a ɗage jijiyoyin, amma ya fito ne daga hannun ƙwararrun da suka zaɓi majinyatansu da kansu, kuma ba lallai asibitin da yake yin aikin sau biyu ko uku a shekara ya sami irinsa ba.

Sai batun kuɗi. Na'urar tana kaiwa wajen dala miliyan 2, ban da kuɗin kula da ita na shekara-shekara, kuma kowane kayan aikin bakinta yana da ƙayyadadden adadin amfani, da ya cika sai a sayi sabo. Babu asibitin da yake sayenta don wannan ciwo. Ana sayenta ne don tiyatar mafitsara, mahaifa, hanji da huhu, cire haƙarƙarin farko ya raɓu da su, shi ya sa likitocin ƙirji ne suka fi yin sa, alhali tsofaffin hanyoyin sun fi zama a hannun likitocin jijiyoyin jini. Sau da yawa hanyar da aka yi wa majinyaci tana bin ƙofar likitan da ya fara ƙwanƙwasawa.

Bayan aiki, mai daskarewar jini yakan ga kumburi ya saɓe cikin ɗan lokaci, ana bin sa da hoton jijiya don a tabbatar hanyar a buɗe take. Mai matsewar jijiyoyin laka kuwa sauƙinsa a hankali yake zuwa, wani lokaci sai an yi watanni, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba ta farfaɗowa dare ɗaya. Ana hana shi ɗaga kaya masu nauyi na wasu makonni, amma ana so ya fara motsa wuya da kafaɗa da wuri, saboda gurbin da ƙashin ya bari tabo ne zai cike shi, kuma idan jijiyoyin ba su saba zamewa a cikinsa ba tun yana ɗanye, yana iya ƙanƙame su cikin shekara ɗaya ko biyu ciwon ya dawo, ko da hoton ƙirji ya nuna babu ko guntun haƙarƙari da ya saura.